Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga likitoci da masu bincike kan otizim: ku riƙa tambayarmu abin da aka ce mana a gida

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe, barkanku da aiki.

Ni uwa ce. Yarona shekararsa tara yanzu, yana da otizim, wato abin da za ku ji ana kira galahanga a rediyo. Na daɗe ina son rubuto muku takardar nan, sai in fara in goge, in fara in goge, don ba na so a ɗauke ta a matsayin rashin godiya, wallahi a cikinku akwai waɗanda har abada ba zan iya biyansu ba, akwai wata likita da ta zauna dirshan a ƙasa ta yi kusan rabin awa tana jera murafun kwalba tare da shi har sai da ya yarda ta taɓa hannunsa, ban manta ba kuma ba zan manta ba. Amma duk yawan likitocin da muka gani da duk fom ɗin da na cike, akwai tambaya ɗaya tak da babu wanda ya taɓa yi min, ita ce ta zaunar da ni rubutun nan. Babu wanda ya ce min, ke a gida me aka ce miki ya same shi?

Don kafin mu iso wurinku an riga an gama yanke hukunci a kansa. Yana ɗan shekara biyu ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, in yana son ruwa hannuna zai ja ya ɗora a kan kofi ko kallona bai yi ba, ƙarar injin kuwa in ya ji sai ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu kamar ana yanka shi. Surukata ta ce nauyin baki ne kawai, yara maza haka suke, ai babansa ma bai yi magana da wuri ba. Yayata ta ce aljanu ne. Wata ta ce baki ne ya kama shi don yaron kyakkyawa ne ina yawan fita da shi. Wata ta ce ni na bar masa waya da katun. Wani ƙanin maigidana ya ce sangarta ce, a ba shi yaron sati biyu za mu ga canji. Ku bi maganganun nan ɗaya bayan ɗaya za ku ga kusan duk a kaina suke sauka, ko na yi sakaci da addu'a, ko na yi sakaci da tarbiyya, ko na bi ta inda bai kamata mai ciki ta bi ba. Toh sai ga shi yana ɗan shekara huɗu mun samu ganin likita, aka duba shi aka faɗa min suna da wani harshe aka ba ni takarda, na fito. Na koma gida da bayaninku ya tarar da guda biyar suna zaune, kuma gaskiya naku ne ya fi rauni a cikinsu duk da shi ne na gaskiya, saboda kowanne daga cikin biyar ɗin ya zo da abin da zan yi gobe da safe, naku kuwa ya zo da ranar dawowa bayan wata shida.

Daren da ba ya barci ni ma ba na yi, a nan na fara karance-karance a waya, ina neman sanin yadda sauran mutanen duniya ke yi da nasu yaran. Abin da na fara lura da shi sunan ne. Kalmar otizim wani likitan Siwizalan ne, Eugen Bleuler, ya ƙirƙire ta a 1911 daga kalmar Girkanci mai nufin kai, wato mutumin da ya shige cikin kansa. Sinawa suna da suna biyu, ɗaya ciwon kaɗaici ɗaya ciwon rufe kai. Na Japan da na Koriya su ma rufe kai suke nufi. Larabawa suka ce tawahhud, nan ma kaɗaita ce. Duk sunaye ne da wanda yake tsaye daga waje ya raɗa, kuma duk uwar da ta zauna da irin yaran nan ta san sunan bai faɗi gaskiya duka ba, yarona in na yi tafiyar kwana ɗaya ɗankwalina yake ɗauka ya kwana da shi. Sai na ci karo da mutanen Maori na ƙasar Niyu Zilan, a 2017 wani masanin harshensu, Keri Opai, ya samar musu da kalma, takiwatanga, ma'anarta wanda yake cikin nasa lokacin da nasa sararin. Na daɗe ina kallon kalmar nan a waya. Ita galahanga da muke amfani da ita kowa da abin da yake nufi in ya faɗe ta, wani yaron da jikinsa ya saki yake nufi, wani mai jinkirin fahimta, wani mai farfaɗiya, duk an zuba su a buhu ɗaya. In kun faɗa wa uwa kalmar ba ku tsaya kun tambaye ta me ta fahimta ba, toh hoton wani yaron daban ta tafi da shi a ranta.

Abu na biyu da na gano shi ne ya fi sa ni kuka, wai ashe ɗora wa uwa laifi babu inda ba a yi ba, har a cikin littattafanku. Leo Kanner, likitan da ya bayyana otizim a 1943 a asibitin Johns Hopkins na Baltimore bayan ya duba yara 11, shi da kansa daga baya ya yi rubutu yana siffanta iyayen da sanyin hali. Sai Bruno Bettelheim ya ɗauki zancen a Shikago ya yi ta yaɗa shi a littafi da talabijin, wai uwa ce ta ƙi ɗanta a zuciyarta shi ya sa yaron ya rufe kansa, har ya kwatanta yaran da fursunonin sansanonin Nazi a littafinsa na 1967. Uwa mai kama da firji, haka ake kiransu a Amurka. An raba yara da iyayensu mata da sunan magani. Kuma mutumin nan ko likita ba shi ba ne. Sai da wani uba, Bernard Rimland, wanda ɗansa ke da otizim, ya fito a 1964 ya ce abin nan a halittar ƙwaƙwalwa yake, sannan a 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka yi bincike kan tagwaye a Ingila ya nuna gado na da hannu sosai, kafin aka fara sauke wa iyaye mata wannan kayan.

A Faransa kuwa zancen ya ƙi mutuwa da wuri. Shekara da shekaru likitocin ƙwaƙwalwa na can suna ɗaukar otizim a matsayin taɓin hankalin da ya samo asali daga zaman uwa da ɗa, ana zaunar da uwa ana tonon zuciyarta, yaron kuma ba a sa shi makaranta, har akwai wata hanya da ake naɗe yaro tamau a cikin zannuwa masu jiƙe da ruwan sanyi wai magani ne. A 2003 wani kwamitin kare haƙƙi na nahiyar Turai ya samu Faransa da laifin tauye wa masu otizim haƙƙin ilimi, sai a 2012 hukumar lafiyar ƙasar ta fito ta ce ba ta ba da shawarar bin waccan hanyar ta tonon zuciya ba. Iyalai da yawa Beljiyam suka riƙa kai 'ya'yansu. Faransa, ƙasa mai manyan jami'o'i fa ke nan.

Na Koriya ta Kudu shi ne ya fi taɓa ni. Wani masanin al'adu ɗan Amurka, Roy Richard Grinker, wanda shi ma 'yarsa na da otizim, ya ba da labarin cewa iyaye mata da yawa a can sun gwammace likita ya rubuta cewa rashin shaƙuwa da uwa ne ya jawo matsalar yaron a kan ya rubuta otizim. Wato uwa da bakinta take roƙon a ɗora mata. Dalili, in laifinta ne toh ana sa ran gyaruwa kuma jinin gidan ya tsira, in kuwa aka ce gado ne toh an shafa wa dangi duka, gobe wa zai auri yayyen yaron da ƙannensa. Ranku ya daɗe na gane matan nan sarai ko da ban san harshensu ba, don ni ma akwai lokacin da na fi son a ce aljanu ne, shi aljani ai ana korarsa ya fita. Wannan ne abin da nake so ku fahimta in kun ga uwa ta ƙi karɓar bayaninku, kafin ku rubuta a fayil cewa ba ta da ilimi ku tambayi kanku me za ta rasa in ta karɓa, wataƙila aurenta ne, wataƙila auren 'yarta.

Ana muku kirari likita bokan Turai, kuma ni ina ganin girmamawa ce, amma akwai gaskiya a cikin kirarin da ya kamata ku riƙe, ilimin nan na otizim yana da garinsu, a gidajen Amurka da Turai aka auna yaran da aka gina ma'aunin a kansu. Tun 1925 wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta bayyana yara maza shida da siffofin nan tiryan-tiryan, kusan shekara ashirin kafin Kanner, amma da yake da Rashanci da Jamusanci ta rubuta sai aka manta da ita, sai a 1996 aka fassara aikin zuwa Turanci. In aikin likita sukutum zai ɓace saboda harshe, ina ga maganar uwar da ba ta jin Turanci.

Ku ɗauki kallon ido. A ma'auninku yaron da ba ya kallon idon mai magana alama ce. Amma a ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya yaron da ya ƙura wa babba ido shi ne marar kunya, sunkuyar da kai ake koya masa tun yana ƙarami. Toh abu biyu ke faruwa, iyaye ba sa ganin rashin kallon a matsayin matsala balle su kawo muku ƙorafi, ni kaina yabonsa aka riƙa yi wai yaro mai kunya marar hayaniya, ku kuma in kun auna yaro mai lafiya da aka yi wa waccan tarbiyyar sai ku ba shi makin da bai ci ba. Haka gwajin nan na gano otizim da kuke ji da shi, ADOS, akwai wurin da ake shirya wa 'yartsana bikin bazday, a yi kek na wasa a soka kyandir a rera waƙa a ga ko yaro zai shiga wasan. Yaron da bai taɓa ganin an hura kyandir a kan kek ba tsayawa zai yi yana kallo, me za ku rubuta? Ga tsadar kayan gwajin da ta tirenin ɗin da ake buƙata kafin a yi amfani da shi. Indiya ta ga haka ta zauna ta tsara nata ma'aunin da ya dace da yaranta kuma ma'aikacin lafiya zai iya amfani da shi ba tare da an sayo lasisi daga waje ba. Fassara fom daga Turanci kalma da kalma bai isa ba, tambayar ce kanta wani lokacin ba ta da ma'ana a gidan da aka kai ta.

Saboda irin wannan ne aka daɗe ana cewa otizim ciwon Turawa ne, har wasu masana sun rubuta hakan. Alhali tun 1978 Victor Lotter, wanda ya yi ƙidayar farko a Ingila a 1966 ya samu kusan yara 4 zuwa 5 cikin 10,000, ya zagaya ƙasashen Afirka shida ya duba yara sama da 1,300 a cibiyoyin masu naƙasa ya tarar da masu otizim a cikinsu. Yaran suna nan, masu ƙirga su ne babu. Amurka da take ƙirgawa, a shekarar 2000 ta samu yaro 1 cikin 150, a ƙidayar 2020 ta samu 1 cikin 36, kuma babban dalilin hauhawar shi ne faɗaɗa ma'anar abin da aka yi da yawan dubawa. A Koriya ta Kudu da aka bi yara kusan 55,000 'yan shekara 7 zuwa 12 a birnin Goyang, sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna 1 cikin 38, kuma kashi biyu cikin uku nasu suna zaune a ajin makarantar kowa da kowa babu wanda ya taɓa gano su. Ko a cikin Amurkar ma an daɗe yaran baƙar fata ba a gano nasu sai a makare, a fara ce musu masu taurin kai ko marasa ji. Hukumar Lafiya ta Duniya a baya ta yi kiyasin kusan yaro 1 cikin 100, kuma ita da kanta ta ce ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da yawa babu alƙaluma. 'Yan mata kuma nasu ya fi ɓuya, ana cewa maza huɗu mace ɗaya, amma yarinyar da ba ta magana ba ta fita a al'adu da yawa ita ce 'yar kirki, wa zai kai 'yar kirki asibiti?

Yanzu bari in zo kan abin da ke faruwa in kuka bar mu babu amsa. Somaliyawan da suka yi hijira zuwa Suwidin da jihar Minesota ta Amurka ba su da kalmar otizim a harshensu, da suka ga 'ya'yansu da shi sai na Suwidin suka riƙa ce masa ciwon Suwidin, na Amurka suka ce ciwon Amurka, don a ganinsu a gida ba su san shi ba. A 2008 iyaye a birnin Minneapolis na jihar Minesota suka fara kokawa kan yawan 'ya'yansu a azuzuwan masu otizim, suna tambaya me ya sa, amsar hukuma ta yi jinkiri, masu adawa da rigakafi kuwa ba su yi jinkiri ba, suka zo suka zauna da su suka saurare su, har Andrew Wakefield da kansa ya je ya gana da su, mutumin da ya fitar da binciken 1998 kan yara 12 yana danganta rigakafin ƙyanda da otizim, wanda mujallar Lancet ta janye a 2010 aka kuma soke masa lasisin aikin likita a Birtaniya. Yawan yaran Somaliyawan da ake yi wa allurar ya faɗo daga kashi 92 cikin ɗari a 2004 zuwa kashi 42 a 2014. A 2017 ƙyanda ta ɓarke a Minesota ta kama mutum sama da 70, mafi yawa yaransu ne da ba a yi wa allura ba. Binciken jami'ar Minesota na 2013 kuma ya nuna masu otizim 1 cikin 32 ne a yaran Somaliyawa, 1 cikin 36 a yaran farar fata, kusan ɗaya. Na san rigakafi ba ya kawo otizim, a Denmak an bi yara sama da 650,000 ba a ga wata alaƙa ba, kuma duk 'ya'yana na yi musu. Amma ba na zagin matan nan, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma wanda ya fara zama ya saurare su shi ya tafi da su.

Takubban kuwa suna da yawa, kuma kowace al'umma da irin nata. A 2003 yaro ɗan shekara 8 ya mutu a wani coci a birnin Milwaukee na Amurka ana danne shi wai ana fitar masa da aljanu. A 2005 wani ɗan shekara 5 ya mutu a jihar Pensilbaniya, can Amurkar dai, ana yi masa allurar da wai za ta wanke masa ƙarfe daga jini. Har yau ana tallar wani ruwa a Facebook da WhatsApp wanda bilic ne zalla ana ɗura wa yara, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sake gargaɗi a kansa a 2019. A jihar Masacusets akwai cibiyar da ke jona wa masu otizim lantarki a fata don a hana su wasu halaye, hukumar ta haramta a 2020 kotu ta soke haramcin a 2021. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch a 2020 ta samu ana ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a ƙasashe 60. Ni ma an kai ni wani wuri, ba zan faɗi ko ina ne ba, aka riƙe yarona mutum uku yana ihu, aka ce min ihun alama ce abin yana fita, ni kuma na san ihun nan, na tsoro ne, na tsaya ina kallo ban ce komai ba. Sati biyu ya yi ba ya yarda in taɓa shi. Da na koma wurin likita ban faɗa masa ba, shi ma bai tambaya ba, kuma da ya tambaya cikin mutunci da na faɗa, da kuma ban koma karo na biyu ba.

Ina addu'a, ina yi wa ɗana kullum, kuma babu likitan da zai raba ni da ita. In kuka sa uwa ta zaɓa tsakanin ku da imaninta kun san wanda za ta zaɓa. Abin da nake roƙo ku ce mata yi addu'arki, amma kar ki yarda a dake shi, kar a ɗaure shi, kar a hana shi abinci, kar a ɗura masa abin da ba ki san mene ne ba, kar a dakatar da maganin farfaɗiya in yana sha, don da yawansu suna da farfaɗiyar tare. Ku je ku zauna da malaman addini da masu maganin gargajiya, su ne ke fara ganin yaran nan shekaru kafin ku, in mutum ɗaya a cikinsu ya iya gane alamomin ya ce wa uwa je ki asibiti a duba kunnensa a auna shi, ya yi aikin da fosta dubu ba za ta yi ba. Kuma ku faɗa mana gaskiya ƙarara cewa babu ƙwayar da ke warkar da otizim, magungunan da ake bayarwa irin su risperidone na rage fusata da cutar da kai ne kawai kuma suna da nasu illolin, in ba ku faɗa ba mai sayar da ƙarya zai cike gurbin.

Sannan ku ba mu ilimin a hannunmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu ne muke tare da yaran awa ashirin da huɗu, ƙwararru kuma ba za su taɓa isa ba, akwai ƙasashen da likitan ƙwaƙwalwar yara bai kai a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Kuma an gwada an gani. A Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan an koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba su ɗauki bidiyon uwa tana wasa da ɗanta su zauna su kalla tare, su nuna mata ga inda ya yi miki magana da jikinsa ba ki lura ba, sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna an samu ci gaba a mu'amalar iyayen da yaran. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da iyaye, zama tara a rukuni da ziyarar gida uku, an gwada shi a Habasha da ƙasashe da dama, ba sai yaro ya samu takardar ƙwararre ba kafin a shiga. Me ya hana kowane ƙaramin asibiti ya samu mutum ɗaya da ya iya shi? Ni abin da ya canza mana rayuwa ƙarami ne, wata ma'aikaciya ce ta ce min in daina yi masa tambayoyi, in zauna a gefensa in yi abin da yake yi in jira. Wata uku ina jera murafun kwalba, ran nan ya ɗauki ɗaya ya miƙo min. Ya kalle ni.

In kun duba tarihin abin nan za ku ga kusan ko'ina iyaye ne suka fara, yawanci mata. Lorna Wing ta Ingila da ta koya wa duniya cewa otizim hawa-hawa ne, likita ce amma 'yarta ce ta sa ta a hanyar. Merry Barua ta kafa ƙungiyarta a Delhi a 1991. Tian Huiping ta buɗe cibiya a Beijin a 1993, shekara 11 kacal bayan likita Tao Kuo-tai ya fara gano otizim a Sin a birnin Nanjin. Zemi Yenus ta buɗe cibiyar Joy Center a Adis Ababa a 2002 da yara huɗu har da nata, bayan ta ga ana ɗaure irinsu a ɗakuna masu duhu, ta rasu a 2021. Babu wadda ta jira izinin kowa a cikinsu. Ranar 2 ga Afrilu da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 bisa shawarar ƙasar Katar tana da kyau, ana taro ana jawabi, amma ku riƙa ba iyaye makirufo a ranar, ku ba masu otizim ɗin da kansu, don manyansu da yawa suna magana suna rubutu, kuma wasunsu na cewa su ba gyara suke nema ba, a rage musu ƙara da haske a bar su su kaɗa hannunsu in hakan ke kwantar musu da hankali. Na yarda da su a kan abubuwa da yawa, na daina riƙe hannun yarona in yana kaɗawa. Sai dai ina so su ma su tuna da irin nawa, wanda a shekara tara kalmominsa ba su fi ashirin ba kuma in aka bar ƙofa a buɗe titi zai nufa.

Abin da ke hana ni barci yanzu shi ne girma. Duk maganarku a kan yara take, kamar in sun kai shekara goma sha takwas ɓacewa suke yi. Yaro na farko a jerin Kanner, Donald Triplett, an kai shi wata cibiya yana ɗan ƙarami iyayensa suka je suka ɗauko shi bayan kamar shekara ɗaya, ya rayu a ƙaramin garinsu Forest a jihar Misisipi, ya yi aiki a banki shekaru masu yawa, ya tuƙa mota, ya yi tafiye-tafiye ƙasashen waje shi kaɗai, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Iyayensa masu hali ne, wannan gaskiya ne, amma mutanen garin ma sun ɗauke shi nasu suna kare shi. Al'ummomin da har yanzu ake zaman dangi suna da wannan arzikin a hannu, ga kakanni ga gwaggwanni ga 'yan uwa, yaro ba zai rasa wanda zai riƙe shi ba in dai an fahimtar da su, kuma su ɗin ne dai ke iya korar uwa da ɗanta in ba a fahimtar da su ba. Ku kuwa uwa kaɗai kuke kira ɗakin dubawa, ita da ba ta da ta cewa a gidan.

Muna da ganin likita wata mai zuwa. Surukata, wadda ta ce nauyin baki ne shekara bakwai da suka wuce, ta ce za ta biyo mu, karo na farko ke nan, ita ce yanzu ke zama da shi in na fita kuma ta fi kowa gane kukansa. Ba ta jin Turanci, kuma har gobe tana da nata ra'ayin kan abin da ya same shi. Duk wanda muka tarar a cikinku ranar, don Allah ya ba ta kujera ya gaishe ta, ya tambaye ta me take gani, ya bar ta ta gama maganarta kafin ya buɗe fayil.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira.

Taku,
Mahaifiyar wani yaro ɗan shekara tara